Sauyin gwamnati, talauci da asibitin mazaɓa: wa ke biyan kuɗin rigimar siyasa?

Malamin Kasafi:
Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna wani abu da lissafi, ba da zafin jam'iyya ba. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya. A Abuja aka yi taron, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wannan kason ba, yawanci tsakanin kashi 4 zuwa 6 take tsayawa, ko a hannun PDP ko a hannun APC. Sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci suke fitowa. Tambayata ita ce: rabuwar kan 'yan siyasa ce ta jawo haka, ko kuwa tazarar da ke tsakanin mai shi da mara shi? A ganina na biyun ne tushe. Wanda ke rubuta kasafi ba ya kwanciya a asibitin da kasafin ke ciyarwa.

Likitan Karkara:
Wa alaikumus salam Malam. Ban yarda a raba su ba, don ɗaya ke ciyar da ɗaya. Amma idan dole sai an zaɓa, ni zan fi ɗora laifin a kan yadda sabuwar gwamnati ke kashe shirin tsohuwa. Ga misali a fili. A 2009 aka fara shirin tura ungozomomi karkara. A 2012 aka faɗaɗa shi da kuɗin SURE-P, wato shirin sake zuba rarar kuɗin tallafin mai a ayyukan jama'a, har ana ba mai ciki tallafin da ya kai naira 5,000 idan ta yi awo, ta haihu a asibiti, ta dawo da jariri rigakafi. Da gwamnati ta sauya a 2015 aka rufe SURE-P. Ba na cewa shirin ba shi da matsala, an yi ta zargin almundahana a wasu sassansa. Amma ɓangaren ungozomomin ya tafi tare da sauran, kuma yawancin jihohi ba su ɗauke su aiki na dindindin ba. Ungozoma da ta shekara uku a ƙauye, mata sun san ta sun saki jiki da ita, idan ta tafi ba albashinta kaɗai ya tsaya ba. Matan sun koma haihuwa a ɗaki, kuma dawo da su wani aikin shekaru ne.

Hajiya Ungozoma:
Likita ka taɓa inda yake mini ƙaiƙayi. Bari in faɗa wa waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba abin da rashin ma'aikaciya ɗaya da rashin firji ɗaya ke nufi a aikace.

Manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a Arewa su ne zubar jini da jijjiga. Maganin farko na hana zubar jini allurar oxytocin ce, awo 10, a yi ta a tsoka cikin minti ɗaya bayan jariri ya fito. Allurar ba ta da tsada, amma tana son sanyi tsakanin maki 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius. Idan ta kwana watanni a kanta cikin zafin Sakkwato ko Nguru, ƙarfinta ya ragu, za ka yi wa mace ita mahaifa ba ta tsuke ba. Shi ya sa ake ajiye ƙwayar misoprostol a madadinta inda babu firji, don ita ba ta buƙatar sanyi. Jijjiga kuma maganinta magnesium sulphate: giram 4 a jijiya a hankali, sai giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan a gaggauta tura ta babban asibiti. Wannan aiki ne na wadda aka horar, kuma dole ta kasance a wurin da ƙarfe biyu na dare. Asibitin da ke da ma'aikaciya ɗaya ba zai yi aikin awa 24 ba. Ana buƙatar aƙalla huɗu don a yi karɓa-karɓa.

To idan aka tura ta fa? Kuɗin mota, kuɗin jini leda biyu ko uku, kuɗin kayan tiyata. A nan ne maigida ke fita neman bashi ko ya ja akuya kasuwa, mace tana kwance tana zubar da jini. Wannan jinkirin ba jahilci ba ne, rashi ne.

Malamin Kasafi:
Hajiya, alƙaluma suna bayanki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ke rasuwa kafin su cika shekara biyar. Amma wannan matsakaicin yana ɓoye gaskiya: a Kebbi 252 ne, a Ogun 30. Ƙasa ɗaya, tsarin mulki ɗaya, ministan lafiya ɗaya. Rahoton talauci na Hukumar Ƙididdiga na 2022 ya ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kusan miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Duk tsarin da ya dogara da mutum ya biya daga aljihunsa, ko ya biya kuɗin inshora duk wata, Arewa zai fi bari a baya tun kafin a fara.

Bakano Mai Taimakekeniya:
Bari in shigo ta ɓangaren inshora, domin a nan ne maganar Malam ta fi fitowa fili. Dokar NHIS, wato shirin inshorar lafiya na ƙasa, ta 1999 ce, aka ƙaddamar da ita a 2005. Da wa aka fara? Da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Wato mutanen da suka riga suka fi kowa tabbacin albashi su aka fara ba kariya. Tsarin ya ɗauki ma'aikaci, matarsa ɗaya, da 'ya'yansa huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Ku auna wannan da gidan Bahaushe mai mata biyu ko uku da 'ya'ya goma sha, ga tsohuwa a ɗakin baya. Sauran sai an biya musu daban. An zana tsarin ne da siffar wani irin gida, kuma ba shi ne gidan yawancinmu ba.

Manomi, ɗan acaɓa, mai sayar da ƙosai, babu wani albashi da za a cira daga cikinsa. Shi ya sa bayan shekaru kusan ashirin, waɗanda ke da inshora ba su kai kashi 10 na al'umma ba. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da ta maye gurbin NHIS, dokar da ta mayar da inshora wajibi, ta kuma kafa asusun marasa galihu da aka ce zai ɗauki mutum miliyan 83. Ku yi lissafi da ni. Idan aka ɗauki naira 12,000 a shekara kan kowane mutum, wanda shi ne farashin da aka daɗe ana amfani da shi a shirin BHCPF (asusun kiwon lafiya matakin farko), miliyan 83 zai ci kusan naira tiriliyan ɗaya duk shekara. Rubuta "wajibi" a doka abu ne mai sauƙi. Abin da ake rigima a kai shi ne aljihun da wannan tiriliyan zai fito, kuma babu jam'iyyar da ke son a ce ita ta ƙara haraji ana saura shekara ɗaya zaɓe.

Ɗan Gusau:
Malamai, don Allah wani ya warware mana BHCPF ɗin nan dalla-dalla. Ana ta ambatarsa a rediyo amma mutane ba su san me ya ƙunsa ba.

Malamin Kasafi:
To ɗan'uwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ce ta kafa shi, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a ƙarshen 2014, bayan ƙudurin ya shafe kusan shekara goma yana yawo, galibi saboda jayayyar likitoci da sauran ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya kan wa zai shugabanci me. Sashe na 11 ya ce a ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rabon da dokar ta yi shi ne:

kashi 50 don inshorar talakawa, kashi 20 magunguna da rigakafi da kayan aiki, kashi 15 gyaran gini da na'urori da sufuri, kashi 10 ma'aikata, kashi 5 agajin gaggawa.

Ka lura da wannan: an sa hannu a 2014, amma kuɗin bai shiga kasafi ba sai 2018, naira biliyan 55.1. Shekara huɗu doka tana nan ba a aiwatar ba. Kuma raba biliyan 55 ga mutum miliyan 200, kowa bai kai naira 300 ba a shekara. Rabin da aka ware wa inshora, a farashin 12,000, mutum miliyan biyu da 'yan kai kawai zai ɗauka.

Manufar ita ce kowace mazaɓa, cikin mazaɓu sama da 8,800 na ƙasar, ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Kafin asibiti ya samu kuɗin sai jiha ta kafa hukumar lafiya matakin farko da hukumar inshora, ta biya nata kason, asibitin ya buɗe asusun banki, ya rubuta tsarin kashe kuɗi na wata uku, kwamitin ci gaban mazaɓa ya sa hannu. Inda abin ke lalacewa wurare uku ne. Jiha ta ƙi biyan kasonta. Ko shugaban asibiti bai kawo bayanin yadda ya kashe na baya ba, sai na gaba ya tsaya. Ko kuma a zaɓi asibitin da za a saka a shirin bisa garin kansila ko na ɗan majalisa, ba bisa inda mutane suka fi yawa ba.

Likitan Karkara:
In ƙara a kan wannan. Shekaru da dama abin da asibiti ke samu kai tsaye kimanin naira 300,000 ne a wata uku, wato dubu ɗari a wata. Daga ciki za a sayi magani, sabulu, safar hannu, man janareta, a gyara famfo, a fita rigakafi ƙauyuka. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, daga baya ta wuce 1,000. Aka kuma saki naira a watan Yuni, kuma yawancin magungunanmu ko sinadaransu daga waje suke zuwa. Kuɗin asibiti bai motsa ba a lokacin, sai daga baya aka ƙara. Wannan shawara ce ta tattalin arziki da ba a ma'aikatar lafiya aka yanke ta ba, amma a kantar maganin asibitin ƙauye ta sauka.

Duk da haka, Malam, ina so ka lura da abin da ya bambanta BHCPF da SURE-P. BHCPF ya tsallake Jonathan, ya tsallake Buhari, yana nan a zamanin Tinubu. Me ya sa? Don yana cikin doka, ba shi da sunan kowa ko hoton kowa a jikinsa, kuma kuɗin yana sauka a asusun asibiti ne, ba a ofishin ciyaman ba. Wannan shi ne hujjata cewa siyasa ce ke kashe shiri, kuma akwai yadda ake gina shi ya fi ƙarfinta.

Baba Zango Kumasi:
Likita, mu a Ghana mun ga duka fuskokin biyu. Kafin 2003 tsarin "biya kafin a duba ka" muke ciki. Gwamnatin Kufuor ta NPP ta kawo dokar inshora ta ƙasa a 2003, 'yan majalisar NDC suka fice daga zauren. Amma da NDC ta karɓi mulki a 2009 ba ta iya rushe shi ba, don mutane sun riga sun riƙe kati a hannu. Sai gasar ta koma wa zai fi kyautata shi.

Abin da ya riƙe shi shi ne hanyar kuɗinsa. Ba a dogara da kuɗin da talaka zai kawo da hannunsa ba. An ɗora kashi 2.5 a kan harajin kaya, aka kuma ɗauki kashi 2.5 daga gudummawar fanshon ma'aikata. Yara, tsofaffi daga shekara 70, da masu ciki tun 2008, ba sa biyan kuɗin shekara.

Amma siyasa ta shiga ta wata ƙofar. A 2012 gwamnatin NDC ta gwada biyan asibitoci bisa yawan mutanen da suka yi rajista da su, ta kuma fara gwajin a yankin Ashanti, cibiyar NPP. Tsarin kansa ba laifi ba ne, ƙasashe da yawa na amfani da shi. Amma mutanen Kumasi sun ɗauke shi a matsayin horo, NPP ta yi yaƙin neman zaɓe da shi, da ta ci aka dakatar da shi a 2017.  A 2017 ɗin kuma aka yi dokar da ta sa iyaka ga kuɗin da ke shiga irin waɗannan asusu, sai ya zama ba dukan harajin lafiya ke isa hukumar inshora ba. Asibitoci suka riƙa jiran kuɗinsu watanni, suna karɓar kuɗi a hannun mai kati. A 2025 aka cire wannan iyakar.

Ɗan Maraɗi:
Mu kuma a Nijar darasinmu shi ne "kyauta" ba tare da kuɗi a ƙasa ba. Tsakanin 2005 da 2006, zamanin Tandja, aka ce tiyatar haihuwa kyauta, awon ciki kyauta, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Zuwan yara likita, wato asibiti, ya ƙaru sosai, kuma Nijar ta rage mutuwar yara ƙwarai a shekarun da suka biyo baya, duk da cewa gidan sauro da rigakafi da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka su ma sun taka rawa.

Yadda aka tsara shi ne likita ta yi aikin, ta rubuta takardar bashi, gwamnati ta biya daga baya. Biyan ya riƙa makara watanni, wani lokaci shekaru. Kafin nan likitar da kuɗin marasa lafiya take sayen magani ta sake zubawa a kanta. Da aka cire kuɗin yara, waɗanda su ne mafi yawan masu zuwa, kuma gwamnati ba ta biya ba, kanta ta bushe. Uwa ta zo, a duba yaro kyauta, a ba ta takarda ta je kanti ta saya. Mai hali ya saya, mara hali ya koma gida.

Sannan ku tuna bayan juyin mulkin Yulin 2023. Takunkumin CEDEAO (ECOWAS) ya rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, motocin kaya har da na magani suka maƙale a iyakar Benin, sai Fabrairun 2024 aka ɗage. Rigimar shugabanni ce, amma firjin rigakafi da ɗakin tiyata ne suka ji ta.

Ɗan Gusau:
To ke nan alƙawarin tiyatar haihuwa kyauta da ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar a Nuwamban 2024 zai iya faɗawa ramin da Ɗan Maraɗi ya bayyana?

Bakano Mai Taimakekeniya:
Ya danganta da saurin biya. Ta hannun NHIA ake biyan asibitocin da aka tantance, kuma ga mata marasa galihu ne, ba kowa ba. Abin dubawa shi ne kwana nawa ke tsakanin ranar da asibiti ya tura takardar neman biya da ranar da kuɗi ya shiga asusunsa. Idan wata ɗaya ne zuwa biyu, asibiti zai jure. Idan ya kai wata shida, za a fara cewa "tiyata kyauta ce amma ku sayo zare, ruwa da jini", kuma waɗannan kaso ne mai yawa na kuɗin.

Haka ya faru da kuɗin da ake ba asibiti kan kowane mai inshora. Naira 750 a wata ya tsaya sama da shekara goma bai motsa ba, sai a 2024 da 2025 aka ɗaga shi ya kai kimanin 1,450. Asibitin da ke karɓar 750 alhali maganin zazzaɓin cizon sauro kaɗai ya ninka hakan, me zai yi? Zai ce maganin ya ƙare, ko ya ajiye mai kati a layi ya fara da mai kuɗi a hannu. Daga nan ma'aikaci ya ce inshora yaudara ce, ƙungiyar ƙwadago ta ƙi yarda a cire wani abu daga albashi, asusun ya ƙara ramewa.

Malama 'Yar Amurka:
Kada mu ɗauka arziki na maganin wannan. Amurka ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi kan lafiya, amma dubi abin da rabuwar kai ya yi. Dokar Obama ta 2010 ta wuce ba tare da ƙuri'ar ɗan Republican ko ɗaya ba, 219 da 212 a majalisar wakilai, alhali wani gwamnan Republican, Mitt Romney, ya sa hannu a makamanciyarta a Massachusetts tun 2006. Dokar ta faɗaɗa Medicaid, inshorar talakawa, ga duk wanda samunsa bai wuce kashi 138 na ma'aunin talauci ba. A 2012 Kotun Ƙoli ta ce ba za a tilasta wa jihohi ba. Gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin kashi 100 na shekaru ukun farko, daga baya kashi 90. Duk da haka jihohi goma, ciki har da Texas da Florida, ba su karɓa ba. A irin waɗannan jihohi akwai mutanen da samunsu ya yi yawa ga tsohon Medicaid, ya kuma yi kaɗan ga tallafin sayen inshora, suka faɗa tsakiya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne a Oklahoma da Missouri a 2020, da South Dakota a 2022, jihohin da Republican ke ci, da aka kai tambayar gaban masu zaɓe kai tsaye sun amince da faɗaɗawar. Mutane ba su ƙi abin ba. Sunan da ke jikinsa ne 'yan majalisarsu suka ƙi.

Malamin Kasafi:
Malama na gode, amma akwai bambanci da ya kamata mu kiyaye. A Amurka jam'iyyun sun saɓa kan aƙida: shin aikin gwamnati ne ta biya wa mutum magani ko a'a. A nan babu wannan saɓanin. Ɗauki takardar manufofin kowace jam'iyya, duk sun yi alƙawarin lafiya ga kowa. Rabuwarmu ta mutum ce da ta yanki: ubangida da yaronsa da suka ɓata, gwamna da shugaban ƙasa na jam'iyyu daban, Kudu da Arewa. Shi ya sa na ce tushen yana wajen rashin daidaito. Da 'ya'yan masu mulki a asibitin gwamnati ake haihuwarsu, babu gwamnan da zai bar ginin wanda ya gada ya ruɓe don kawai ba shi ya aza tubalin ba.

Likitan Karkara:
Ranka ya daɗe, ai rabuwar mutum da ta yanki ta fi ta aƙida haɗari a fannin lafiya, don tana taɓa yarda. Ka tuna 2003. An fito daga zaɓe mai zafi tsakanin Obasanjo da Buhari, ana yaƙin Iraƙi, ga tabon gwajin maganin Trovan da Pfizer ta yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996, inda 11 suka rasu. A wannan yanayi jita-jitar cewa rigakafin shan inna na hana haihuwa ta samu gindin zama. Kano, ƙarƙashin jam'iyyar adawa ta ANPP, ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, sai Yulin 2004 aka dawo da shi bayan an kawo maganin daga Indonesiya. Masu kamuwa sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin.

Kuma talauci yana cikin zancen, a nan na yarda da kai. Tambayar da iyaye ke yi ita ce: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigon shan inna kyauta, amma idan yaro na zazzaɓi muka je asibiti babu ko farasitamol? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ba a amsa ta da lacca. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigar da sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi daga 2009, da ɗaukar mata 'yan unguwa aikin wayar da kai, da sansanonin da ke ba da wasu magunguna tare da rigakafin. Sai 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Kuma ɓarkewar mashaƙo a 2023, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki, ta nuna cewa rigakafin yau da kullum har yanzu bai kai ga yara da yawa ba.

Hajiya Ungozoma:
Akwai wata rigimar da ba a ambata ba, kuma ita ce ta fi shafar albashin ma'aikatanmu: wa ke da asibitin matakin farko? A al'ada na ƙaramar hukuma ne, amma kuɗin ƙaramar hukuma ta asusun haɗin gwiwa yake bi, a hannun gwamna. Daga 2011 aka ɗauki manufar tattara komai ƙarƙashin hukuma ɗaya ta jiha, don a daina samun ma'aikaci yana da iyayen gida huɗu: ma'aikatar lafiya, ma'aikatar ƙananan hukumomi, hukumar ma'aikatan ƙananan hukumomi, da ciyaman. Jihohi sun sha wahala kafin su mayar da ma'aikata da albashinsu can. Sai ga hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Idan aka aiwatar ba tare da yarjejeniya a rubuce ba, albashin nas zai koma hannun ciyaman, ɗaukarta aiki da canjin wurinta suna hannun jiha. Ƙaramar hukuma mai ƙarfin samu za ta riƙe ma'aikata, ta ƙauye ta rasa. Dama can ma'aikata a birni suke taruwa, don duk wadda ke da wani babba sai ta nemi a dawo da ita cikin gari.

Ɗan Gusau:
Hajiya, to mu da ke kwamitin mazaɓa ko ƙungiyar unguwa, me za mu iya bibiya da kanmu ba sai mun jira Abuja ba?

Bakano Mai Taimakekeniya:
Fara da jerin sunayen marasa galihu, don a nan ne siyasa da talauci ke haɗuwa ido da ido. Kowane asibitin da ke cikin BHCPF yana da adadin mutanen da aka yi wa rajista kyauta. Nemi ganin jerin a wajen shugaban asibitin. Ka duba abu biyu: su waye a ciki, kuma nawa ne daga cikinsu suka taɓa zuwa. Inda aka ba kansila ko shugaban jam'iyya na mazaɓa fom ya raba, za ka tarar da 'yan gidansa da magoya baya, gwauruwa mai marayu biyar ba ta ciki. Wani lokaci kuma sunayen na gaskiya ne amma ba a taɓa sanar da masu su ba, asibiti na karɓar kuɗinsu duk wata su kuwa suna sayen magani a kemis. Gyaran shi ne a karanta sunayen a bainar jama'a gaban mai unguwa da liman da wakiliyar mata, a kuma miƙa wa kowa katinsa hannu da hannu.

Matsala ta biyu lambar NIN. Ana ƙara neman ta wajen rajista don hana sunayen bogi, kuma dalili ne mai kyau. Amma matar ƙauye da ba ta taɓa zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ba ita ce ba ta da lambar, kuma ita aka yi shirin dominta. Kwamiti zai iya neman a kawo masu rajistar NIN asibitin ranar awo ko ranar rigakafi, a yi duka biyun a zama ɗaya.

Sai asusun asibitin. A ƙa'ida shugaban kwamitin mazaɓa yana cikin masu sa hannu kafin a fitar da kuɗi. Kada ya sa hannu a cek ɗin da ba a cike ba. Ya nemi takardar banki ta wata ukun, ya gwada ta da tsarin da aka rubuta, ya shiga ɗakin magani ya ƙirga abin da aka ce an saya. Ya buɗe firjin ya duba takardar da ake rubuta ma'aunin sanyi safe da yamma. Idan akwai kwanakin da ba a rubuta komai ba, ya tambayi dalili, ya kuma tambayi inda aka ajiye oxytocin a waɗannan kwanakin.